Sai Baƙo Ya Fara Kwana

Ni shiru na je saye a Yendi. Gidan kuwa, da katangarsa da bishiyar mangwaronsa, gyara ne aka ɗora min a kai. Duk wanda ya san gidan da na tashi a Salaga ba zai ga laifina ba.

Mahaifina mai masauki ne, kamar yadda mahaifinsa ya yi, tun zamanin da kakanninmu ke saukar da fataken goro. Lokacin da na yi wayo goron ya ja baya, amma baƙi ba su ja ba. Masu doya, masu shanu, mata masu albasa daga Bawku, duk motar da ta kwana a Salaga sai ta zubo mana rabonmu. Zaurenmu yana da ƙyaure, amma ban taɓa ganin an rufe shi ba, har ya kafe a inda yake, gizo-gizo ya yi gida a bayansa. Ni ce babbar mace a cikin 'ya'yan gidan, saboda haka ni ce mai jan ruwa a rijiya, ni ce mai cika butoci, ni ce kuma ake tasa daga kan katifa idan baƙuwa ta iso. "Uwata, tashi ki ba baƙuwa wuri." Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa Baba ke kirana haka, amma ban ga ranar da wannan girma ya hana a kore ni zuwa tabarma ba. Na sha kwana ina ƙunƙuni a gefen buhunan albasa, ina rantsuwa a raina cewa in na girma zan yi gida mai ƙofar ƙarfe da sakata, wanda ko kazar maƙwabta sai ta nemi izini kafin ta shiga.

Aure ne ya kai ni Yendi. Mijina mutumin Bawku ne, malamin dabbobi, aiki ya ajiye shi a can, ni kuma na samu koyarwa a firamare. Muka kama haya a zango, dab da tasha. Bayan ɗakinmu injin niƙa, gabanmu mai gyaran babur, gefe kuma mai sayar da waƙoƙi wanda bai yarda akwai wanda ba kurma ba a duniya. In wuni da ihun yara a aji, in dawo in tarar da wannan. A nan na haifi yarana biyu, a nan muka yi shekaru muna tari, ni ina ƙin sabon zane, shi yana lallaɓa tsohon babur ɗinsa da waya da addu'a.

Gidan da muka samu yana bayan gari ne, a sabuwar unguwa ta gefen hanyar Tamale, inda ma'aikata da 'yan fansho suka yi gine-gine. Kowane gida da katangarsa, da get ɗinsa, da tankin roba a kan dakali. Titin jar ƙasa ne, kuma ba ya zuwa ko'ina, a bakin wata gonar masara yake ƙarewa. Wani tsohon hedimasta ne ya sayar mana, zai koma wajen 'ya'yansa a Tamale. Mun sha zirga-zirgar takardu, mun kai goron gaisuwa gidan sarkin yankin, mun jira har na fara cewa ko dai ba rabonmu ba ne. Ranar da aka miƙa mana makulli, na ce wa mijina ya tsaya a waje tukuna. Na shiga ni kaɗai, na zauna a tsakiyar falo a kan siminti, na kasa kunne. Na ji kukan kurciya. Na ji busasshen ganyen mangwaro ya faɗo a tsakar gida, wallahi har ƙararsa na ji. Sai ga hawaye, ina yi ina dariya. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Saura addu'a. Ba zan shiga gida ba tare da Baba ya sa masa albarka ba, wannan ko a mafarki. A lokacin mahaifiyarmu ta rasu, ƙannena maza sun watsu Kumasi da Accra, zauren Salaga kuma ya daɗe da yin sanyi. Manyan motoci sun koma bin kwalta ta Tamale, 'yan kasuwar yanzu kuma a cikin mota suke kwana ko su kama ɗakin haya. Baba na nan dai yana share zaure kowace safiya yana cika randa. Da na kira shi a waya, washegari ya hau mota ta hanyar Bimbilla, ya iso da tabarmarsa, da butarsa, da doya mai yawan da sai da aka kira mai keke ya ɗauko.

Ya zagaya gidan hannuwansa a baya. Ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa kicin, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya ce ma sha Allah. Ni ina binsa a baya bakina har kunne. Da muka dawo bakin get sai ya tsaya a gaban wani ɗan ɗaki da ke maƙale da katanga, inda hedimasta yake ajiye tarkace. Ni na riga na gama tsara masa aiki: firiza zan sa, da buhunan masara.

"Wannan ya yi," in ji Baba. "A share shi, a shimfiɗa tabarma. Idan baƙon ya kwana, da safe sai mu yi addu'a ku tare."

Na ce, "Wane baƙo, Baba?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ina ne gabas. "Uwata, kin manta gidan da kika fito? Mu ba ma kwana a sabon gini sai baƙo ya fara kwana a ciki. Haka aka yi wa gidan kakanki. Haka na yi da na ƙara ɗakunan baya, kina goye a lokacin."

Mijina, da yake mutum ne mai neman sauƙi, ya ce ai wannan ba matsala, bari ya leƙa tasha ya ɗauko mutum ko goma ake so. Baba ya girgiza kai. Ya ce wanda aka je aka ɗauko gayyatacce ne, ba baƙo ba. Dangi ma ba sa ciki, abokai ba sa ciki. Sai matafiyi wanda ba mu san shi ba, wanda ya zo da ƙafarsa ya yi sallama a ƙofa.

Na cika na batse. Na ce, "Baba, ka dubi titin nan da kyau. Wa ka ga ya wuce tun da muka zo? Nan ba Salaga ba ne. Ko akuya ba ta ɓatan hanya ta biyo nan, don shi ma na saye!"

"Allah zai kawo," ya ce. Ya shimfiɗa tabarmarsa a bakin get, ya ajiye buta, ya zauna.

Ga inda gizon yake: na riga na sallami gidan haya. Mai gidan ya ba wani, kuma mutumin zai tare ƙarshen wata. Kayanmu duk mun kwaso. Saboda haka muka shiga wata irin rayuwa da har yau idan na tuna sai na riƙe ciki. Da rana muna sabon gida, in dafa abinci a sabon kicin, yara su yi ta tsere a tsakar gida, mijina ya miƙe a kan kujera. Amma da an yi isha'i sai mu kulle, mijina ya yi sawu biyu a babur ya mayar da mu zango har da Baba, mu kwanta a kan tabarmi a ɗakin da ba komai, injin niƙa ya tashe mu da asuba. Ko gyangyaɗin rana sai da na tambayi Baba hukuncinsa. Ya ce wannan ba kwana ba ne, amma kar a zarce.

Shi kuwa ko a jikinsa. Kullum da sassafe yana bakin get, farar riga, farar hula, carbi a hannu. Mutanen unguwar nan, waɗanda na lura ba sa yi wa juna fiye da ɗaga hannu daga cikin mota, sai suka samu kansu da tsoho mai gaisuwa. Ba mai wuce Baba. Zai gaishe ka da Hausa, in ka yi shiru ya juya Dagbani, in ya ga alamar kai mutumin kudu ne ya jefa maka ɗan Twi ɗinsa na kasuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi ciwon ƙafar da ya ga kana ɗingisawa. Kafin mako ya zagayo ya san wanda matarsa ke da tsohon ciki da wanda ɗansa ke jiran sakamakon jarrabawa. Ni da na sayi gidan ban san sunan kowa ba.

Maƙwabciyarmu ta hannun dama wata tsohuwar nas ce 'yar Dagomba, ta yi ritaya, tana kiwon zabi a bayan gida. Ita ce ta fara tare ni. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne.

"Madam, tsoho nan, me ya na jira? Kullum ya zauna kamar mai gadi. Kai ba ka ba shi ɗaki?"

Kunya ta kama ni, na faɗa mata gaskiya. Ta yi dariya har ta dafa katanga. Kafin magariba labarin ya gama unguwa, har wajen matar da ke da ɗan shago a mahaɗar babban titi. Daga ranar, duk wanda ya zo wucewa sai ya rage gudu ya leƙo. "Baba, ya zo?" Baba ya ce, "Yana hanya."

Wata ya fara ƙarewa, baƙo bai zo ba. Sai mijina ya zo min da dabara. Akwai wani saurayi ɗan Pusiga da ke kawo zabi kasuwar Yendi, ƙanin abokinsa ne, Baba bai taɓa ganinsa ba. Aka zauna aka koya masa karatu. Da la'asar sai ga shi tafe da jaka a kafaɗa, yana jan ƙafa kamar wanda ya tako daga Bawku a ƙasa. Ina leƙe ta tagar kicin.

"Salamu alaikum! Ni baƙo ne. Ban san kowa a garin nan ba, ko mutum ɗaya."

Na dafe kai. Wane baƙo ne ke fara magana da haka?

Baba ya amsa da fara'a, ya matsa masa a tabarma. Ya kira ni na kawo ruwa, na kawo tuwo da miyar ayoyo. A ƙa'idarsa ba ya tambayar mutum daga ina yake sai ya sha ya ci. Saurayin ya share kwano tas. Baba ya ɓare goro ya ba shi rabi, yana kallonsa yana murmushi, sannan ya ce, "Yaro, idan ka koma Pusiga ka gai da babanka. Ka ce masa mai masaukinsa na Salaga yana tambaya, ko ya sake samun rago mai taurin kai irin wanda ya ɓalle masa a zaurena ya faɗa rijiya. Goshin nan naka da wannan wushirya, ko a duhu na gan su na san gidansu."

Saurayin ya ƙware da goro. Mijina, wanda ke laɓe bayan tanki, ya fito yana sosa ƙeya yana cewa, "A'a, ashe kun san juna?" Baba ya yi dariya har da hawaye, bai yi faɗa ba ko kaɗan. Ya ma riƙe yaron da hira har magariba, yana tambayarsa mutanen da wasu sun shekara goma a ƙasa. Ni ma na yi dariya, amma a daren na kwanta da haushi a ɗakin haya, ina jin kwanakin suna tafiya.

Ana gobe sabon ɗan haya zai tare, hadari ya haɗo tun da hantsi. Na dawo daga makaranta na tarar Baba ba ya bakin get. Na shiga nemansa. Na same shi a ɗan ɗakin nan, ya naɗe tabarmarsa ya ɗaure da igiya, ya sa buta a jaka. Yana zaune a kan wani tsohon benci, ya ƙura wa ƙasa ido. Ban taɓa lura ya tsufa haka ba sai ranar.

"Uwata, zo ki zauna," ya ce. Na zauna. "Na wahalar da ku. Ku kwana a gidanku yau. Zan yi muku addu'ar yanzu, gobe in kama hanya."

Na ce, "Baƙon fa?"

"Babu shi." Ya shafa tabarmar da ya ɗaure. "A Salaga ma babu. Rabon da wani ya yi sallama a zaurena da kaya a ka, tun mahaifiyarki na da rai. Ina cika randa ne kawai, da yamma in zuba wa bishiya. Na zaci ko a nan, da yake kan hanya ne. To, zamani ya wuce da abinsa. Ba zan bar jikokina a titi saboda al'adar tsofaffi ba."

Abin da nake roƙo ke nan tun ranar da ya zo. Ga shi an ba ni a hannu. Amma wallahi sai na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Mutumin nan da na sani yana tsaye a ƙofar zaure yana ba da umarni, a kai wa wannan ruwa, a nuna wa wancan alƙibla, shi ne yau yake ba ni haƙuri don ya jira baƙo. Raina ya ɓaci, kuma ni idan raina ya ɓaci ba na iya magana a hankali.

"Ba za mu kwana ba!" na ce. "Kai ka fara, ni zan ƙarasa. Sai yanzu da muka gama cin sauron zango za ka ce a bari? Ba inda za ka."

Na fizge tabarmar, na kwance igiyar, na fita da ita bakin get na shimfiɗa a ƙarƙashin 'yar rumfar kwano, na zauna da kayan makaranta a jikina. Mijina ya fito ya dube ni, ya ga fuskata, ya koma ciki. Nas ta leƙo ta kan katanga, da ma kunnenta na wajen.

"Madam, gobe fa? Ina kai zai kwana da yara?"

Na ce ban sani ba.

"Ka zo gidana. Ɗaki ya na nan, babu kowa. Ka zauna har baƙo ya zo, ko shekara ne."

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na zauna ina kallon titi ya zama jan kogi, feshi yana dukan ƙafafuna. Can bayan la'asar ya tsagaita, ya koma yayyafi. Sai na ji wayar nas ta yi ƙara a cikin gida, na ji ta rangaɗa ihu, sai ga ta a guje ba ko takalmi. Matar shagon mahaɗa ce ta kira. Wata babbar mota mai ɗauke da albasa daga Bawku ta lalace a daidai mahaɗar, direba da yaransa za su kwana a jikinta, amma akwai wata mata mai kaya a ciki, ta jiƙe sharkaf, tana tambayar inda za ta samu wurin kwana. Mai shago ta ce mata ta miƙe titin nan, za ta ga get mai shuɗin fenti.

Na zabura zan ruga, nas ta riƙe min zane. "A'a! Kai ba ka ɗauko shi. Tsoho ya ce da ƙafa nashi!"

Abin da na gani daga nan ba zan manta da shi ba har in mutu. Ashe mai shago ba nas kaɗai ta kira ba. Get-get suka fara buɗewa, tun daga farkon titi har ƙarshe. Mutanen da ban taɓa ganin ƙafafunsu a ƙasa ba suka fito da lema, wani da gajeren wando, wata da ludayi a hannu. Ba wanda ya taka ya tarbi baƙuwar, kowa ya san sharaɗin. Kowa ya tsaya a ƙofarsa. Can sai ga ta ta ɓullo, mace mai jiki, ta kai shekara hamsin, ƙunshin kaya a ka, takalmi a hannu, tana tsallake kwata. Ta tsaya a gidan farko, mai gidan ya nuna mata gaba da lemarsa. Ta zo na biyu, aka nuna mata gaba. Haka aka yi ta miƙa ta daga ƙofa zuwa ƙofa, kowa yana washe baki, ita kuwa tana waige-waige, da gani ta fara tunanin ko unguwar mahaukata ta shigo.

Ta iso gabana tana haki. Ta dube ni, ta dubi get, ta ce, "Salamu alaikum. An ce nan ana saukar baƙo?"

Na amsa sallamar. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Maraba, maraba, sannu da hanya, kawo kayan," ba, da irin muryar da na tashi ina ji a zaure. Na sauke mata ƙunshin. A bayana titi ya kaure da tafi da shewa, nas na rangaɗa guɗa, zabinta suka ruɗe suka kama nasu ihun. Unguwar da na saya don shirunta ke nan.

Baba ya fito daga ɗan ɗakin. Ya gyara hularsa, ya miƙe tsaye sosai, sai na ga tsufan nan na ɗazu ya sauka daga kafaɗarsa. Ido kawai ya yi min, ni kuwa na san karatun tun ina 'yar mitsitsiya. Na kawo ruwan sha. Na kawo busasshen zane da ruwan zafi a bokiti. Na cika buta, na nuna mata gabas. Na shimfiɗa tabarma a ɗakin, sai na tsaya na dube ta, na ga ba ta yi min ba. Na shiga ciki na jawo sabuwar katifata, wadda ko ledarta ban cire ba, wadda na yi wata ina mafarkin kwanciya a kai, na kai mata. Mijina ya kama min gefe ɗaya yana dariya ƙasa-ƙasa. Na ce ya yi min shiru.

Sai da ta ci sakwara da miyar zabuwar da nas ta yanka nan take, sannan Baba ya tambaye ta hanya. Ta ce daga wani ƙauye take a bayan Bawku, albasa za ta kai Salaga. Ba ta san kowa a Yendi ba, kuma wannan karon gaskiya ne. Baba ya yi ta jujjuya sunayen gidajen yankinsu, bai gano ko ɗaya nata ba, kuma ban taɓa ganin mutum ya ji daɗin rashin sanin wani haka ba. Ta kwance bakin zane za ta biya kuɗin ɗaki. Baba ya ce ta mayar, nan ba otal ba ne.

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, har yanzu ba ta gama yarda ba. "To wane ne mai gida, in gode masa?" Tana tambaya tana kallon Baba, don shi ne babba, sannan ta kalli mijina.

Baba ya nuna ni da carbinsa. "Ga mai gida nan. Ita ta amsa miki sallama. 'Yar masu masauki ce, jikar masu masauki. Duk ranar da hanya ta biyo da ke Yendi, ƙofarta za ki nema."

Yana da 'ya'ya maza, kuma a gidanmu ba a taɓa kiran mace da wannan suna ba. Na so in ce wani abu na tsiwa kamar yadda na saba, in ce ni ban nema ba, amma hawaye suka riga ni. Na tashi na shiga kicin na yi kukana a gaban tukunya, ina jin daɗi kamar zuciyata za ta fashe.

A daren nan baƙuwa ta kwana ita kaɗai a gidanmu, a kan katifata, mu kuma muka kwana a gidan nas. Ta katanga muna jiyo minsharinta. Da safe Baba ya yi addu'a a tsakar gida, kuma ba mu kaɗai ba ne, unguwar duka ta zo, Musulmi da Kirista, aka sha koko da ƙosai a ƙarƙashin mangwaro. Da aka gyara motar, Baba ya ce ai hanyarsu ɗaya, ya hau gaba kusa da direba. Baƙuwar ta bar min albasa cike da kwano, ta karɓi lambar wayata. Daga baya na ji a zauren Baba ta sauka a Salaga, kuma ya sa an wanke randa tun kafin ya cire takalmi.

Lambar nan ta yi yawo a cikin matan albasa fiye da yadda na so. Ba kullum ba ne, unguwarmu har yanzu kana jin faɗuwar ganye da rana, kuma ina zama in saurara in ji daɗina. Amma wani lokaci da yamma sai a taɓa get, in ji sallama da muryar da ban sani ba. In yi tsaki, in ce mutane ba sa barin mutum ya huta, ina faɗa ina neman buta. Firizar tana falo, ta tsaya a inda bai dace ba, kowa na tuntuɓe da ita. Sakatar da na yi wa kaina alkawari tun ina yarinya tana nan a jikin ƙaramar ƙofa, mai kauri, na zaɓe ta da kaina. Rannan na zo rufewa ta ƙi motsi, sai da mijina ya ɗiga mata man babur.

Da na ba Baba labari a waya, ya yi dariya ya ce, "Uwata, bar ta haka. Akwai kowa a ɗakin?"

Na ce akwai, wata ce daga Garu da jikarta.

"Kin ba su ruwa kafin ki tambaye su?"

Na ce, "Baba, wa ya koya min?"